Hannun Kawu Tokuji

Osaka, farkon Oktoba

Goggo Sadae,

Gaisuwa mai yawa. Zafi ya fara sakinmu a nan, da safe har mutum ya nemi rigar sama. Ina fata gwiwarki ta yi sauƙi, kuma tuffa ta yi albarka bana. Ki gaishe min da ɗanki Masanobu da matarsa da yara. Na san kunnenki ba ya shiri da waya, shi ya sa na nemo takarda. Ki yi haƙuri da rubutun, rabona da wasiƙa tun rasuwar Inna.

Ni lafiya ƙalau, sai ciwon ƙafa. Har yanzu ina nan a aikin da kika raɗa wa suna kiwon baƙi. Da safe in tsaya a bakin tasha da 'yar tutata rawaya, in tattara su, wannan daga Ostareliya, wancan daga Malesiya, in kora su cikin kasuwar Kuromon. Su ci gasasshiyar ƙaguwa, su ɗauki hoton kan ƙaton kifin tuna, su yi ta tambaya ko abin da ke kan tsinke da ransa. Rana ta yi tsaka in tsallaka da su unguwar Nipponbashi, su kutsa shagunan 'yartsana da kati da littattafan zane, ka ga ƙato da gemunsa ya durƙusa gaban injin da ake jefa wa tsabar kuɗi ya tofo ƙwallo mai abin wasa a ciki. Da yamma in sallame su suna ƙarnin kifi, hannu biyu cike da leda. Gobe ma haka. Wani lokaci ina cikin bayani sai in ji bakina na ta tafiya, ni kuwa ba na wurin.

Da za ki zo, ba za ki gane kasuwar ba. Matan unguwa masu zuwa da kwando sun yi ƙaranci. A layinmu rumfar ƙanenki ce kaɗai ba ta koma gasa abu a tsinke ba. Kawu Tokuji yana nan yadda kika san shi: ba fara'a, ba hira, ya hana a ɗauke shi hoto, baƙi kuwa don haka suke sonsa. Nakan tsorata su da labarin dafin da ke cikin hantar kifin fugu da ƙwansa, sannan Kawu ya yanka musu, su ci suna dariyar tsoro. Yawon kuma yakan ƙare a bene na uku na wani gini a Nipponbashi, inda ɗansa Shinpei ke gyaran 'yartsana da yi musu fenti. Kin ga kullum daga rumfar uba nake tashi in sauka a shagon ɗa, tafiyar da ba ta kai shayi ya huce ba, su kuwa shekara da shekaru ko gaisuwa babu. Ba mai tambayata ɗan'uwansa. Sai dai in na shiga wurin Shinpei yakan shaƙi iska ya ce yau ma na biya ta can.

To ga abin da ya sa na rubuto, kuma ban san yadda zan faɗe shi ba tare da na wuce matsayina ba. Goggo, hannun Kawu ya canza. Ba kamar da yake ba. Tun ƙarshen zafi na lura, na yi shiru. Har na fara tunanin in daina kai masa baƙi, in nemi wata rumfar. Ke kaɗai yake jin maganarki a duniyar nan. Me kika gani?

'Yarki,
Fumino

Hirosaki, ƙarshen Oktoba

Fumino,

Wasiƙarki ta same mu lafiya. Nan ana ta tsinkar tuffa, gidan ba mai zama, har ni da gwiwata an dasa ni a kujera ina ware masu tabo. Sanyi ya sauko daga dutse da wuri. Idona ya yi hazo, rubutunki kuma kamar sahun tururuwa, amma na karanta sau biyu don kada in zalunce ki.

Wato hannun Tokuji ya canza. Da yakan miƙo miki 'yar ledar kifi da yamma, ko ɗan na shayi in kin kawo masa mutane, yanzu ya matse. Don haka za ki kwashi garkenki ki kai wa masu gasa tsinke. Ban zaci haka daga 'yar Kikue ba. Uwarki 'yar baffanmu ce, amma ɗaki ɗaya muka tashi a saman rumfar nan, bargo ɗaya muka ja. Da ta kwanta ciwo wa ya riƙa aiko mata da romon kifi har asibiti? Ya taɓa tuna miki?

Kuma ki tambayi kanki wa ya kori matan unguwa daga kasuwar. Tsohuwa mai sanda za ta iya ratsa garken mutum goma da suka tsaya ɗaukar hoton ƙaguwa? Ku masu tuta kun cinye masa masu sayen kifinsa na gaskiya, yanzu kuma kina so ya biya ki ladan cinyewar.

Duk da haka ke tamu ce, kuma na san haya a Osaka ba wasa ba. Na rubuta masa. Na ce yarinya ta kawo min ƙara, ta ce hannunka ya canza, ka ji kunya, ka riƙa sakin hannu. Zai yi gunaguni amma zai yi.

Na aiko miki da kwalin tuffa. Masu tabon ne, sun fi zaƙi. Ki kai wa Shinpei rabi, ki ce masa har yanzu ban gane yadda mutum mai furfura ke zama yana shafa wa 'yartsana jan-baki ba.

Goggonki,
Sadae

Osaka, tsakiyar Nuwamba

Goggo,

Ina gaisuwa. Tuffa ta iso, na gode, Shinpei ma ya gode, ya ce a gaya miki ba jan-baki ba ne, inuwar leɓe ce. Ina fata aikin gona ya yi sauƙi.

Goggo, kin kashe ni. Ba kyauta nake nufi ba. Hannu nake nufi, hannu mai yatsu. Laifina ne da na yi ta kewaye-kewaye don kunya, to yau zan faɗa a fili. Hannun Kawu yana rawa. Kin san yadda yake yanka fugu, siriri har ka ga zanen faranti ta cikin naman. Yanzu wani yankan kauri, wani a yage. Yakan kawo kifin kusa da fuskarsa kamar zai sumbace shi kafin ya sa wuƙa. Ran nan ina tsaye da baƙi na ga ɗan guntun hanta ya maƙale a gefen katako, kusa da naman da za a ci. Ya gan shi, ya zubar da naman duka, ya wanke katakon. Amma ni na riga shi gani, Goggo, ni da ban san komai ba a sana'ar.

Ke ba ki gane maganata ba, shi kuwa da kika maimaita masa ita ya gane sarai. Washegarin da wasiƙarki ta same shi na zo da mutanena kamar kullum. Ya ajiye wuƙa, ya goge hannu a hankali, ya dube ni ya ce, "Ashe mun yi likitar hannu a dangi." Na buɗe baki ya tare ni. "Kada in ƙara ganin tutarki a gaban rumfata." Bai ɗaga murya ba. Baƙin sun ɗauka irin barkwancin 'yan kasuwa ne, har wani ya tafa.

Da yamma na zauna da Shinpei bayan an watse. Kin san yana da takardar izinin yanka fugu tun kafin ya bar rumfar. Na roƙe shi ya riƙa leƙawa da safe ko cire kayan cikin kawai ya yi. Bai ɗago daga 'yar fuskar da yake wa fenti ba, hannunsa ko motsi babu, irin hannun Kawu na da. Ya ce ranar da ya bar wuƙa uban ya gaya masa ya tafi ya yi wasan yara har ya mutu, to yana kan bin umarni. Ya ce in ya je yanzu, tsoho zai ce ya zo kallon faɗuwarsa ne, kuma gara ya yanke yatsa da ya miƙa masa wuƙa. Amma na ga ya ɓata idon 'yartsanar, ya goge, ya sake.

Akwai ofishin lafiya da za a iya kai wa magana. Na san inda yake. In na je, za su zo da farar riga a gaban duk layin, shekara hamsin na sunansa su tafi a wuni ɗaya. In ban je ba kuma, ki ƙarasa da kanki. Ki rubuta masa, wannan karon da sanin abin da kike faɗa. Ko ki zo.

Fumino

Osaka, ƙarshen Disamba

Goggo,

Ina fata lafiya. Na ga a labarai dusar ƙanƙara ta rufe muku hanyoyi, na ce ko ita ta riƙe wasiƙa. Na kira gidan, jikanki ya ɗauka ya ce kina kwance, kin ce ba a tashe ki. Kwance na ciwo ko kwance na fushi? Bai sani ba.

In kalmar da na rubuta ce, cewa kin kashe ni, ki yafe. Zafin rai ne.

Kasuwa ta cika maƙil saboda ƙarshen shekara. Matan unguwa sun dawo na ɗan lokaci, kowa na son fugun da za a dafa a tukunyar sabuwar shekara, layi a gaban rumfar Kawu har ya toshe hanya. Nakan wuce da baƙina ta ɗaya gefen, tuta a ƙasa, ina ba su labarin fitilun da ke rataye a sama don kada su dubi inda nake duba. Duk farantin da aka miƙa sai na bi shi da ido. In na ji jiniyar motar asibiti, ko a wace unguwa nake, sai ƙafata ta tsaya.

Na je har ƙofar ofishin nan. Na tsaya na karanta sanarwar da ke jikin bango game da wanke hannu, na juyo.

Ba na iya zama wuri ɗaya. Ranar hutuna ma sai in tsinci kaina ina bin hanyar yawon ni kaɗai, daga kifi zuwa 'yartsana. Na fara duba aikin ofis, inda ba wanda zai ci wani abu saboda na ce ya ci. Ki rubuto ko layi ɗaya ne, ko zagi ne.

Fumino

Osaka, tsakiyar Janairu

Goggo,

Barka da sabuwar shekara, ko da ta yi nisa. Zan fara da abin da za ki fi son ji: kowa yana da rai, Kawu yana gida lafiya. Yanzu ki zauna ki karanta sauran.

Ranar Talatar da ta wuce ina da wasu mata da miji daga Kanada, dattawa, matar sunanta Maureen. A kasuwa nakan ba mutane ɗan lokaci su zaga su kaɗai. Ashe ita ta hango tsohon da ya hana hoto, ya burge ta, ta koma ta sayi faranti ta cinye. Ban sani ba. Muka tsallaka Nipponbashi, muka ratsa 'yan matan nan masu rigar aikatau da ke raba takardar talla, muka hau wurin Shinpei. Tana zaɓa wa jikarta 'yartsana sai ta taɓa bakinta ta ce leɓenta na mata wani iri, harshenta ya yi nauyi. Mijin ya yi dariya ya ce ai kifin nan mai dafi ta ci, wurin tsohon nan mai ɗaure fuska.

Ban san lokacin da tuta ta faɗi daga hannuna ba. Shinpei ne ya kira motar asibiti, ya zaunar da ita, ya sa ta matse yatsunsa, yana tambaya ina fassarawa. Da aka sa ta a mota na shiga tare da ita. Ta taga na hango shi yana gudu wajen kasuwa, da rigar aikinsa mai fenti, ko takalmin kirki bai sa ba.

A asibiti aka daɗe. Ni da mijin muna zaune, yana ta tambayata ko ana mutuwa, ina ta ce masa likitocin nan sun saba. Can likita ya fito ya ce ba fugu ba ne. Jikinta ne ba ya shiri da jatan lande, ta ci su a tsinke a wani wurin, fuskarta ta kumbura, an yi mata allura ta sauka. Na kira Shinpei, ashe ya bar wayarsa a shago. Na kira rumfa, ba a ɗauka. Sai na shiga tasi.

Na tarar an sauke ƙofar rumfar rabi. Na sunkuya na shiga. Kawu na zaune a kan akwatin kifi, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Shinpei na zaune a gabansa a kan wani akwatin, gwiwa na taɓa gwiwa, ya zuba wa bakin uban ido. Tsakaninsu faranti, ba komai a kai.

Daga baya Shinpei ya ba ni labarin abin da ya faru kafin in zo. Ya ce da ya iso yana haki ya faɗi abin da ya faru, ya ɗauka tsoho zai kore shi ko ya ce ƙarya ne. Tsohon bai yi ko ɗaya ba. Ya tambayi kamannin matar, ya gane kifin da ya yanka mata. Gida biyu a unguwa sun sayi ɓangaren kifin, ya ba Shinpei sunayensu ya ce ya kira su kada su ci. Shinpei na kan waya, ya juya baya, da ya waiwayo sai ya ga uban ya jera ragowar naman a faranti yana ci, yanka bayan yanka, ba ko miya. Ya fizge farantin, an riga an gama. Ya ce su tafi asibiti, Kawu ya ce ba inda za shi. Shi ne ya zauna yana gadinsa, jifa-jifa ya ce masa ya motsa harshe, ya kira sunansa, ya matse masa yatsa. Ya ce rabon da ya riƙe hannun ubansa tun yana ɗan makaranta, kuma sai da ya riƙe ya san yadda rawar ta kai.

Na gaya musu abin da likita ya ce. Shinpei ya kifa kai a gwiwa. Ni kuwa don murna sai na hau surutu, na ce Kawu ka gani, kifinka lafiya lau, ka nuna wa kowa. Ya ɗago ya dube ni.

"Ba don in nuna wa kowa na ci ba," in ji shi. "Na ci ne don ni ma ban sani ba."

Ya tashi ya wanke wuƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, ya shanya, ya naɗe su a ƙyalle. Ya ce min ana sanyi, in tafi gida. Wannan ce kaɗai maganar da ya yi min. Shinpei ya raka shi, yana binsa a baya kaɗan, kamar ba tare suke ba.

Tun ranar rumfar a rufe take. Kada ki sa rai Shinpei zai karɓe ta, na tambaye shi, ya ce a'a, kuma uban bai nema ba. Amma yana biyawa ta gidan kafin ya buɗe shago, ya ce ba sa hira, talabijin suke kallo. Maƙwabcin da ke gasa tsinke har ya fara tambaya ko za a ba da hayar wurin.

Ni ina nan ina wucewa da baƙi ta gaban rufaffiyar ƙofa. Na ɗauka in abin ya ƙare zan samu natsuwa. Ban samu ba. Ni ban hana komai ba, ban kai ƙara ba, ban yi shiru ba, kawai na yi ta zirga-zirga tsakanin mutum biyu har abin ya faɗo da kansa. Kuma ina tsoron mutumin da ya yi shekara hamsin a tsaye, yanzu an ce ya zauna.

Fumino

Hirosaki, farkon Fabrairu

Fumino 'yata,

Muna lafiya. Dusar ƙanƙara ta kai taga, Masanobu kullum yana kan rufi da shebur.

Ba fushi na yi ba. Ido aka yi min aiki, na dama sannan na hagu, na hagun ya ba da wahala. Wasiƙunki suna zuwa ina tura su ƙarƙashin matashi. Surukata ta ce ta karanta min, na ƙi, don na ɗauka maganar ledar kifi ce har yanzu, ban so bare ta ji 'yar Kikue na roƙo. Shekaranjiya likita ya ce in karanta abin da na ga dama. Na buɗe ukun a zama ɗaya. Yanzu ina ganin rubutunki tar, har na gwammace hazon.

Kunne ya tafi, ido ya bi shi, ashe hankalin ma ya ɗan raka su. Na zage ki a kan abin da ba ki yi ba, na kuma ɗauki maganarki na miƙa wa mutumin kamar wuƙa ta wajen kaifi. Maganar tuta da matan unguwa dai ban janye ba, amma ba ranar faɗinta ba ce.

Kin ce ba ki yi komai ba. Wa ya gaya wa Shinpei tun Nuwamba? Kina tsammani da bai kwana da maganar a ransa ba zai ruga kasuwa ba takalmin kirki? Ki bar cin kanki. Aikin ofis kuwa, ke da ko a cikin wasiƙa ba ki iya zama, wane ofis zai riƙe ki?

Kada ki matsa wa yaron a kan rumfa. Ubanmu ya matsa wa Tokuji, ya yi sa'a abin ya dace da shi, shi ya sa ya ɗauka haka ake yi wa kowane ɗa. Mai tsinke kuma ki ce masa ginin da sunan mutum biyu yake, ta biyun ba ta mutu ba tukuna.

Tsoron da kika ji shi ne nawa. Na san ƙanena. Bai iya zama ba, bai iya cewa yana jin ciwo ba, tun yana yaro in ya faɗi sai ya tashi ya harari ƙasa. Ba abin da za a faɗa a takarda ba ne. Da zarar hanya ta buɗe Masanobu zai sa ni a jirgin ƙasa. Ki tare ni a tasha, ki zo da tutar taki don in hango ki cikin jama'a.

Kada ki gaya masa ina zuwa. In ya ji zai share gida, ya yi aski, ya tare ni a tsaye. Ni kuwa so nake in ga yadda yake zaune.

Goggonki,
Sadae